Jini Marar Tsaga

Ranar wata Talata labarin ya iske Saude, tana zaune a kan benci a ƙofar ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Gummi. Ta rako autarta Kausar awon ciki ne, cikin yana wata biyar. Zafin bazara ya sa kowace mace tana fifita da katinta. Ita kuwa Saude hankalinta yana kan bokitin kunun zaƙin da ta bar wa maƙwabciyarta a tashar 'yan kabu-kabu, don ta san ƙanƙarar ciki ba za ta kai azahar ba.

Dorcas mai gwajin jini ta fito da takarda a hannu. 'Yar Zuru ce, ta shekara tara tana aiki a garin. Saude ba ta yi boko ba, amma da ta leƙa takardar sai ta gane harafin da ke jiki, zagayayye kamar zobe. Shi kaɗai ta sani a duk haruffan Turawa, kuma ba a makaranta ta koye shi ba.

Shekara biyu da suka wuce, suna Zugu tukuna, ɗiyarta ta fari Lubabatu ta haihu a gida da hantsi, jini ya ɓalle mata. A kan babur aka kawo ta Gummi, mijinta yana tuƙi, Saude tana rungume da ita ta baya. Maza shida na dangi suka biyo su don su ba da jini. Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, wannan A, wancan B, ita kuwa Lubabatu O ce, jikinta ba ya karɓar kowane jini sai irin nata. Saude ta miƙa hannunta ta ce a ɗiba, ai ita ta haife ta. Aka gwada, aka ce A ce. Leda biyu ke cikin firjin asibitin ran nan, duka B. Ana cikin neman mai O a gari, Lubabatu ta cika kafin la'asar, ga mutum takwas tsaye a kanta jikinsu cike da jini. Saude ba ta taɓa kiran sunanta da bakinta ba saboda kunyar 'yar fari, har aka rufe ta. Jaririyar ta bi uwarta bayan kwana tara. Damina ɗaya bayan haka 'yan bindiga suka tashe su daga Zugu, suka dawo Gummi da zama.

"Irin na yayarta ne, Inna," in ji Dorcas, a hankali, don ita ce ta yi gwajin waccan ranar ma.

"Na gani," in ji Saude. "To ni ki gaya min, ɗiyata. Yarinya ta kwanta wata tara a cikina, ta sha nonona shekara biyu. Mi ya sa jinina ya zan baƙo gare ta?"

Dorcas ta zauna a gefen bencin. Ta ce ƙwayoyin jini suna da tsaga a jikinsu, kamar yadda mutanen da suke yi a fuska. A na da tata tsagar, B na da tata, O kuwa fuskarsa wanke take. Jikin mai O, da zarar ya ga jini mai tsaga ya shigo, sai ya ɗauke shi ɗan hari, ya far masa. Amma shi O ɗin, da yake ba shi da tsaga, yana shiga kusan kowane gida ba a tambaye shi daga ina ya fito ba.

"Kuma kin san wani abu?" Dorcas ta ciro wayarta. "Jiya na karanta. Masu bincike a ƙasashen waje sun daɗe suna neman hanyar goge tsagar. Ita tsagar wani ɗan guntun sukari ce a bayan ƙwayar jini. Akwai wani abu da ake kira enzayim, shi ke yanke guntun ya faɗi, A ko B ya koma kamar O. Na farko a 'ya'yan kofi ɗanye suka samo shi. Na yanzu, da ya fi ƙarfi, a jikin ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanjin mutum."

"Mi ne ne shi enzayim ɗin? Magani na?"

Dorcas na neman misali, sai ta tuna sana'ar matar. "Inna, in kin dama kununki ya yi kauri kamar tuwo, me kike zubawa ya saki?"

"Tsiron shinkafa."

"To irin abin da ke cikin tsiron nan ne. Shi ke yanyanka kaurin ya koma ruwa da zaƙi. Danginsu ɗaya."

Aka ƙwala wa Dorcas kira daga ciki, ta tashi da sauri. Maganar da ta rage a bakinta ba ta faɗe ta ba, Saude kuwa ta tafi gida da wadda ta ji.

Tsiro dai babu wanda zai koya wa Saude shi a duk ƙasar Gummi. Takan jiƙa shinkafa da ɓawonta, ta baza a kan buhu, ta rufe da wani, tana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da fararen gemu, sannan ta shanya, ta daka. Shekara talatin tana ganin yadda cokali uku na garin nan ke karya tukunyar kunu guda. Sai ta zauna ta yi tunani irin na mai sana'a. In abin da likitoci ke nema dangin tsiro ne, ga tsiro nan a ɗakinta buhu guda. Abin da mutum ya ci kuwa, kowa ya sani, shi ke zama jini.

Washegari ta fara. Kowace safiya, kafin ta sa komai a baki, sai ta dama garin tsiro ɗanye a kofi ta shanye. Ta ɗibar wa kanta kwana arba'in. Ta kuma ɗura wani garin a gwangwanin madara ta ba Kausar ta kai wa mijinta Jamilu, wanda shi ma an taɓa gwada shi aka ce B ne. Da yake suruki ne, ba ta iya tsare shi da ido, sai dai ta aika.

"Ki ce ma maigidanku shi riƙa sha kullum da sahe. Kar shi sa sukari."

Kwana uku Kausar ta dawo tana dariya. "Inna, ya ce a gaishe ki, wai abin ɗanɗanonshi kamar an wanke turmi."

"Ki ce mishi ba don daɗi anka ba shi ba."

Jamilu mutum ne mai jin magana. Ya sha, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Amma akwai abin da Saude ba ta sani ba sai daga baya. Tun ranar awo an gaya wa Jamilu ya nemi mutum biyu masu O ya ajiye kafin watan haihuwa, har ya yi niyyar zuwa Bukkuyum wurin 'yan uwansa. Da gwangwanin tsiro ya iso, sai ya fasa tafiyar. Ya ce wa Kausar ai Inna ta gama magana, jini biyu na nan a gida.

Ranar da arba'in ta cika, ruwan farko ya riga ya sauka. Saude ta ci ado, ta tafi asibiti, Jamilu yana biye da ita daga nesa. Ta miƙa wa Dorcas yatsa ta ce a sake dubawa.

"Inna, ai na san naki. A ne."

"Da can ne. Ki duba yanzu."

Dorcas ta soki yatsan, ta ɗiga jinin wuri uku a kan farin faranti, ta ɗiga ruwan gwaji mai shuɗi da mai rawaya da wani fari, ta gauraya da tsinke. Saude ta sunkuya tana kallo. Ɗigon da aka sa wa shuɗi ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana. Ko ba a faɗa mata ba, ta ga irin wannan shekara biyu da suka wuce. Aka gwada Jamilu, nasa ya yi gudaji a wurin rawaya.

Da Saude ta ba da labarin kwana arba'in ɗin, Dorcas ba ta yi dariya ba. Ta dafe kai da hannu biyu.

"Laifina ne, Inna, na ba ki rabin magana. Kowane enzayim aiki ɗaya ya iya. Na tsiro kunu kawai ya sani, bai san jini ba. Kuma su ba sha suke yi ba. A cikin leda ake zuba shi bayan an ɗebi jinin, ya gama aikinsa, a wanke shi tas. Ko a can ma ba su gama ba. Sukan goge tsagar, amma wani lokaci jikin mai karɓa ya hango ɗan tabon da ya rage. Gwaji suke yi har yanzu. Babu asibitin da zai ba Kausar irin wannan jinin bana."

Sai Dorcas ta juya wurin Jamilu ta tambaye shi mutum biyun da aka ce ya nema. Jamilu ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. A nan Saude ta gane kwana arba'in ɗin da ta ci ba nata ba ne, na Kausar ne. Saura wata biyu da 'yan kwanaki, ga damina ta kama, hanyar Bukkuyum kuwa in ba laka ba 'yan bindiga.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, tukunya ta ɓaci, an zubar. Cikin mutum goma, nawa ka samuwa masu zoben nan?"

"Huɗu ko biyar. Ba wuya gare su ba, Inna. Sanin su tun kafin ranar shi ne aikin."

"Ashe suna nan cikin gari suna yawo ran da munka rasa."

"Suna nan."

"To na san inda suke shan kunu."

Washegari da hantsi 'yan kabu-kabu suka taru a kan bokitinta kamar kullum, kowa da kofinsa a hannu. Saude ta ɗora murfi ta zauna a kai.

"Yau ba kunu sai ga wanda ya san harafin jininshi."

Namadi ne ya fara magana, don shi ne mai bakin tashar, ƙato, mai babur ja da ya ɗaure wa madubi tsumma. "Inna, yaushe kunu ya koma jarrabawa? Mu da munka gudu daga makaranta?"

"Yatsa kawai za a soka, Namadi. Kai da ka faɗi da babur cikin ƙaya ka tashi kana dariya."

"Ƙaya ba ta sai da jinin mutum. Su ko an ce tarawa suke su kai birni."

"Jininka wa zai saye? Rabinshi kununa ne, rabi hayaƙin babur."

Tashar ta ɗauki dariya. Wani siriri mai suna Hamza ya ce shi ya ji in an ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ba ya dawowa. Namadi ya ce masa kar ya damu, ba a rasa abin da ba a taɓa samu ba. Suka yi ta yi wa juna tsiya, amma babu wanda ya motsa. Suka watse wurin mai shayi.

Kwana biyu kunun Saude yana komawa gida, tana rabar wa yaran unguwa. A rana ta uku ta buɗe murfin don ƙamshin citta da kanumfari ya fita, sannan ta ba su labarin Lubabatu tun daga Zugu har la'asar ɗin nan, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Ta gaya musu kuskurenta na tsiro ma, ta bar su suka yi dariyarsu. Sannan ta ce, "Kowanenku yana da mata ko ƙanwa. Ran da ta kwanta, ba ka son ka san ƙofar da za ka buga?"

Malam Elisha, malamin firamare da ke tsayawa shan kunu a hanyarsa ta makaranta, shi ya fara cewa zai je. Hamza ya bi shi don kar a ce malami ya fi shi zuciya. Kafin sati ya zagayo mutum goma sha ɗaya sun kawo mata takardunsu tana dubawa tana neman zobe. Biyar ta samu. Dorcas ta ƙara wasu gwaje-gwajen ta cire biyu, saura uku: Malam Elisha, da Hamza, da Namadi, wanda sai da mutum biyu suka riƙe shi kafin a soki yatsansa.

"Ni fa Inna, sani kawai na zo yi," in ji Namadi. "Ban ce zan ba da ba."

"Wa ya tambaye ka? Karɓi kununka."

Naƙuda ta kama Kausar wata ranar Litinin da sassafe, cikin watan da gero ke fitar da kai. Wannan karon Saude ba ta yarda a jira a gida ba, tun ciwon farko suka tafi asibiti. Gab da azahar Kausar ta haifi namiji. Jamilu bai gama yi wa jaririn huɗuba ba sai ga unguwarzoma ta fito da sauri tana kiran Dorcas. Jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce leda biyu ake so, ta farko yanzu-yanzu, firji kuwa babu O.

Jamilu ya kira Malam Elisha, ya bar ajinsa ya zo da alli a hannun rigarsa, ya kwanta aka fara ɗiba. Aka kira Hamza, wayarsa ba ta shiga, an ce tun safe ya ɗauki fasinja zuwa wajen Anka. Aka kira Namadi sau huɗu, tana ƙara ba ya ɗauka.

"Yana ganin lambata ne, Inna," in ji Jamilu.

"Zauna wurin matarka."

Saude ta fita da ƙafa. Tashar ba nisa, amma ba ta taɓa jin tsawon hanyar ba sai ran nan. Ta iske Namadi a gindin dalbejiya yana goge babur ɗin da ba shi da datti. Ba ta yi masa maganar jini ba. Ta kama bayan babur ɗin ta hau ta gyara zama.

"Kai ni asibiti."

"Inna..."

"Fasinja ce ni. Ko yau ba ka aiki?"

Duk tashar ta zuba masa ido. Namadi ya buga babur. A hanya yana ta magana shi kaɗai, wai bai karya ba, wai jiya ya ji jiri, wai a danginsu ba a jure allura. Da suka tsaya a ƙofar asibitin Saude ta miƙa hannu ta zare makullin ta ƙulle a bakin zaninta.

"Mu shiga ciki, wurin Dorcas. In ka fito ka karɓa."

Namadi ya dube ta, ya dubi ƙofar. "Allurar babba ce?"

"Babba ta. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ni zan riƙe ma kai."

Haka aka yi. Ƙaton mutumin nan ya kwanta ya juya fuska bango, Saude ta dafa goshinsa da tafin hannu, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Dorcas ta ce masa an gama tun ɗazu, bai yarda ba sai da ya ga ledar cike, ja wur, da ɗuminta. Aka gwada ta da jinin Kausar, suka zauna lafiya, aka wuce da ita ciki.

Saude ta fito ta zauna a kan bencin nan. Aka kira la'asar, ta yi alwala ta yi salla a baranda, ta dawo ta zauna. Rana ta fara sanyi lokacin da unguwarzoma ta leƙo ta ce jinin ya tsaya, mai jego ta buɗe ido tana tambaya ko namiji ne ko mace. A nan ne Saude ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ta riƙe, na wadda ta tashi da na wadda ba ta tashi ba.

Da Dorcas ta fito za ta tafi gida, Saude ta riƙe mata hannu.

"Su masu tsiron can, kina ganin za su gama?"

"Ina sa rai, Inna. Sai dai ban san yaushe ba."

"Za su gama. Ni ma tukunya nawa na ɓata kafin kununa ya saki yadda nike so. Ran da sunka gama, ki fara da nawa. Ki zuba mishi a leda, ki goge tsagar, ki ba duk wadda anka kawo a kan babur."

Daga cikin ɗakin suka jiyo Namadi yana gaya wa Malam Elisha cewa shi tun asali bai ji tsoro ba, wayarsa ce ke da matsalar kunne, kuma wa zai saya masa hanta, don ya ji an ce ita ke mayar da jini.

Yaron yanzu yana tafiya. Saude tana nan a tashar da bokitinta, masu zoben da ta sani sun kai goma sha huɗu, har daga wasu unguwanni akan turo a tambaye ta. Kowace safiya in Namadi ya miƙo kofi, sai ta ce ya sunkuyo tukuna. Ta sa babban yatsa ta ja fatar ƙasan idonsa ta leƙa ko da jini. In ta ga wurin ja, ta ce, "Da sauranka," sannan ta tsoma ludayi.